Janareta Mai Aiki da Ruwa: Shin Raba Ruwa da Lantarki Zai Iya Ba da Wutar da Ta Fi Wadda Ya Ci?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, babu abin da ya kai wutar lantarki daraja a gari. Mai sayar da ƙanƙara a Mabera, mai shagon cajin waya a Runjin Sambo, tela a Tudun Wada, duk lissafinsu ɗaya ne: awa nawa Kaduna Electric za ta kawo wuta yau, kuma lita nawa za a zuba wa janareta idan ba ta kawo ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin ya ƙara tsauri. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024.

A irin wannan hali ne bidiyoyin "janareta mai aiki da ruwa" ke samun kasuwa a TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp. Kusan duk tsarinsu ɗaya ne. Za a nuna wata gora mai ɗauke da farantan ƙarfe, a cika ta da ruwa, a jona mata wayoyi biyu, ruwa ya fara kumfa. Sai a ja tiyo daga gorar zuwa kafiretar janareta ko ta babur, a tayar da inji, ƙwan lantarki ya kama. Daga nan sai bayani ya biyo baya: janaretan ne ke ba gorar wuta, gorar kuma ita ke ba janaretan gas, saboda haka an rabu da gidan mai har abada. Wasu kan ƙare da lambar waya, domin mai son a haɗa masa ya tura kafin alƙalami.

Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan guda ɗaya ce: idan aka yi amfani da lantarki aka raba ruwa, shin gas ɗin da ya fito zai iya ba da makamashin da ya fi wanda aka kashe wajen raba shi? Amsar ita ce a'a. Ga dalilin, da lissafin da kowa zai iya bi da kalkuletar wayarsa.

Kumfar gaskiya ce

Abu na farko da ya kamata a yarda da shi: kumfar da ake gani a gorar ba siddabaru ba ce. Ruwa haɗi ne na sinadarai biyu, haidurojin da oksijin. Idan aka tsoma ƙarafa biyu a ciki aka ba su wutar batir, haidurojin kan taru a ɓangaren da ke jone da kan batir mai alamar ragi, oksijin kuma a ɓangaren mai alamar ƙari. Wasu Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, sun yi wannan gwaji tun a 1800, jim kaɗan bayan Alessandro Volta ya ƙirƙiro batir na farko. Wato fasahar ta haura shekara 220 a duniya.

Duk gidan da ke da inbata mai dogayen batiran nan na zuba ruwa ya riga ya san abin, ko da bai san sunansa ba. Ruwan batir kan ragu ne saboda caji yana raba wani kaso nasa zuwa waɗannan iskoki biyu, shi ya sa ake ƙara masa ruwa lokaci zuwa lokaci, kuma shi ya sa masu haɗa sola ke cewa kada a kulle batira a ɗakin da iska ba ta shiga.

Haka kuma gaskiya ne haidurojin yana ci da wuta, kuma injin fetur na iya aiki da shi. Kamfanin Toyota yana sayar da mota mai amfani da haidurojin, Mirai, tun 2014. Matsalar ba a nan take ba. Matsalar tana wajen da'awar cewa zagayen zai riƙe kansa har ya bar rara.

Ruwa toka ce

Idan aka ƙona itace, ana samun zafi, a bar toka. Babu matar da ke kwashe toka ta mayar murhu tana jiran ta dafa mata tuwo, domin ƙarfin da ke cikin itacen ya riga ya fita. Haka abin yake ga haidurojin: idan ya ƙone, wato ya haɗu da oksijin, zafi kan fita, abin da ya rage shi ne ruwa. Ruwan Gulbin Rima da na madatsar Goronyo da na cikin randa, duk haidurojin ne da ya gama ƙonewa tun fil azal.

Raba ruwa da lantarki kamar mayar da tokar ce ta koma itace. Ana iya yi, amma sai an biya daidai makamashin da ya fita a lokacin ƙonewar, babu ragin ko kwabo. Wannan ita ce dokar adana makamashi, wadda masana irin su James Joule da Hermann von Helmholtz suka tabbatar a shekarun 1840: makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, sauya kama kawai yake yi. Tun ma kafin nan, a 1775, Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta yanke shawarar daina duba duk wani inji da aka ce zai riƙa juya kansa har abada, saboda yawan waɗanda aka kawo mata babu ko ɗaya da ya yi aiki.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne tankin sama. Famfon sumo yana jan wuta ya tura ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. Idan aka sa ƙaramin inji a bakin bututun da ruwan ke saukowa, za a samu ɗan lantarki, amma ba zai taɓa isa ya sake cika tankin ba. Wanda ya taɓa jona wayar fitar wutar fawa bank a ramin cajinsa ma ya ga ƙarshen labarin: maimakon ya cika kansa, sai ya ɗumama ya mutu.

Lissafin lita ɗaya

Yunit ɗin da ake saye a mitar kati shi ne ma'auni mafi sauƙi a nan. Yunit ɗaya shi ne wutar da dutsen guga mai wat 1,000 zai sha a awa ɗaya.

Kilo ɗaya na haidurojin yana fitowa ne daga lita 9 ta ruwa. Mafi ƙarancin makamashin da ake buƙata a raba wannan ruwa shi ne yunit 39.4, kuma shi ne daidai mafi yawan abin da za a samu idan aka ƙona kilon aka tattara duk zafinsa, har da wanda ke cikin tururi. Wato ko da babu asara ko kaɗan, canjaras aka yi. A zahiri kuwa, manyan na'urorin masana'antu, waɗanda aka ƙera da ƙarafa masu tsada, suna cin yunit 50 zuwa 55 kafin su samar da kilo ɗaya. Sauran yana tafiya a zafi.

Yanzu a dawo kan lita ɗaya, wadda masu bidiyo suka fi son ambata. A cikinta akwai haidurojin giram 111. Na'ura mai kyau za ta ci kusan yunit 6 ta fitar da shi. Idan aka ƙona shi a inji, tururi ya bi salansa ya fice, makamashin da ya rage bai wuce yunit 3.7 ba. Ƙaramin janaretan fetur, irin wanda ke gaban shaguna, ba ya mayar da fiye da kusan kashi 20 cikin ɗari na man da ya sha zuwa lantarki. Sauran zafi ne da ƙara da hayaƙi. Kashi 20 na 3.7 bai kai yunit ɗaya ba.

An zuba yunit 6, an kwashi ƙasa da 1. Idan aka mayar da wannan ɗayan cikin gora, zagaye na gaba zai ba da abin da bai kai kashi ɗaya cikin shida nasa ba. Kafin a je ko'ina inji ya tsaya. Kamar mutum ne ya riƙa ajiye kuɗi a wajen mai POS yana cirewa, ana cire masa caji a shiga da fita, yana sa ran wata rana kuɗin za su ƙaru.

Gorar da aka haɗa a gida da farantan ƙarfe ta fi haka asara. A lissafi, ruwa yana fara rabuwa ne a bolt 1.23, na'urorin masana'antu kuma suna aiki a wajen bolt 1.8 zuwa 2 a kowane ɗaki. Wanda ya jona batir mai bolt 12 kai tsaye a kan faranti biyu, mafi yawan wutarsa dafa ruwa take yi. Wani kaso na "gas" ɗin da ake gani yana tashi daga irin wannan gora tururi ne kawai.

Wani ƙarin bayani da ke ruɗa mutane

Mai yawan karance-karance zai iya cewa ya ga inda aka rubuta cewa wata na'urar raba ruwa ta haura kashi 100 cikin ɗari na inganci. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba abin da ake zato ba ne.

Cikin makamashin da ake buƙata a raba ruwa, kusan kashi 83 ne dole ya zo a matsayin lantarki. Sauran kashi 17 na iya zuwa a matsayin zafi daga waje, kuma idan aka yi aiki da tururi mai tsananin zafi, rabon zafin yana ƙaruwa. Saboda haka masana'antar da ke da zafin da take zubarwa a banza za ta iya rage kuɗin lantarkinta. Idan aka ƙirga lantarkin kaɗai aka manta da zafin, lissafi zai nuna kamar an ci riba. Amma zafin ma makamashi ne, kuma wani ne ya samar da shi. Sannan a hanyar dawowa, mafi ingancin na'urar da ke mayar da haidurojin lantarki ba za ta iya ba da fiye da wancan kashi 83 ɗin ba, sauran zai koma zafi. Ta kowace ƙofa aka bi, ba a fita da abin da ya fi wanda aka shiga da shi.

Na'urar HHO a mota da babur

Wasu masu tallar sun fi wayo. Ba sa cewa a daina sayen mai, cewa suke na'urarsu, wadda suke kira HHO, za ta rage shan mai da rabi. Wannan ya fi jan hankalin 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep da direbobin hanyar Illela ko Gusau, waɗanda mai ke cinye kusan duk cinikinsu.

Michael Faraday ya bar dokar da ke warware wannan tun a shekarun 1830: yawan gas ɗin da ke fita ya dogara ne kacokan kan yawan wutar da ta ratsa ruwan. Amfiya ɗaya na tsawon awa ɗaya yana ba da haidurojin kusan giram 0.038 a kowane ɗaki, ko da wane irin ƙarfe aka yi farantan.

A ɗauka an haɗa na'ura mai ɗakuna shida a jere, tana jan amfiya 10 daga altanetar mota a bolt 14, wato wat 140. A awa ɗaya za ta ba da haidurojin giram 2 da 'yan kai, wanda makamashinsa bai wuce yunit 0.075 ba. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da kusan yunit 9. Motar da ke shan lita 5 a awa tana ƙona yunit 45. Gudummawar na'urar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar ba.

Sannan wat 140 ɗin ba kyauta ba ne. Altaneta tana ƙara nauyi a kan inji duk lokacin da aka ƙara mata kaya, kamar yadda ake jin ƙarar janareta ta sauya idan aka jona guga. Idan aka haɗa asarar inji da ta altaneta, sai an ƙona fetur na kusan yunit ɗaya kafin a samu wannan wutar. An kashe 1 an samu 0.075.

To me ya sa wasu ke rantsuwa mai ya ragu? Sau da yawa bakaniken da ya ɗaura na'urar yakan rage man da kafireta ke saki, ya wanke fulogi, ya sauya matatar iska. Direban da ya biya kuɗi kuma yakan sassauta ƙafa ba tare da ya lura ba. Rage mai fiye da ƙima yana sa inji ya yi zafi, a garin da dama zafi ya ishi inji. A Amurka, hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta kai wani ɗan kasuwa mai suna Dennis Lee kotu a 2009 saboda tallar irin wannan na'ura da alƙawuran da ba su da tushe.

Waɗanda suka yi da'awar a baya

Sunan da ya fi yawo a intanet shi ne Stanley Meyer na jihar Ohio a Amurka. Ya ce motarsa za ta iya tafiya daga Los Angeles zuwa New York da galan 22 na ruwa. A 1996 mutum biyu da suka zuba jari a harkarsa suka kai shi ƙara. Ƙwararrun da suka duba na'urar sun shaida wa kotu cewa raba ruwa ne na yau da kullum, babu wani sabon abu a ciki. Kotu ta same shi da zamba, ta umarce shi ya mayar musu da dala 25,000. Ya rasu a 1998, kuma binciken gawa ya nuna fashewar jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa, duk da cewa magoya bayansa har gobe suna cewa guba aka ba shi.

A ƙasar Filifin, Daniel Dingel ya shafe shekaru yana cewa yana da mota mai aiki da ruwa, har kotu ta yanke masa hukuncin ɗauri a 2008 bisa damfarar mai zuba jari. A wannan shekarar ce kamfanin Genepax na Japan ya nuna wa 'yan jarida tasa motar, ya kuma rufe harkar a 2009 ba tare da ya sayar da ita ba. A Pakistan, a 2012, Agha Waqar Ahmad ya samu yabo daga wasu ministoci da gidajen talabijin, sai da masana irin su Farfesa Pervez Hoodbhoy suka fito suka nuna cewa da'awar ta saɓa wa dokar makamashi.

A Najeriya ma, a 2012, wasu 'yan mata huɗu 'yan sakandare sun nuna janareta mai amfani da fitsari a bikin Maker Faire Africa a Legas, labarin ya zagaya duniya da cewa lita ɗaya na ba da wutar awa shida. Ƙoƙarin yaran abin yabo ne, kuma sinadarin yuriya da ke cikin fitsari ya fi ruwa sauƙin rabuwa. Abin da yawancin rahotanni suka tsallake shi ne, matakin farko na na'urar sai an ba shi lantarki daga waje.

Masu cewa kamfanonin mai ne ke danne fasahar sai su duba abu biyu. Takardun mallakar fasaha na Meyer a buɗe suke, wa'adinsu ya ƙare, kowa na iya sauke su a waya kyauta ya ƙera. Sannan ƙasashe irin su Sin da Indiya da Japan suna kashe maƙudan daloli kowace shekara wajen shigo da mai, kuma suna da injiniyoyin da za su ƙera abin cikin mako guda da yana aiki.

Ina wutar bidiyon ke fitowa?

Ruwa ba ya tsami banza. Idan inji ya tashi ko ƙwai ya kama, akwai inda makamashin ya fito, ko da kyamara ba ta nuna ba.

Wani lokaci ragowar fetur ce a kafireta da tiyo, wadda kan iya riƙe ƙaramin janareta na 'yan mintuna bayan an cire tanki, kuma sau da yawa bidiyon TikTok gajere ne. Wani lokaci batir ne a ɓoye. Fawa bank mai 10,000mAh yana ɗauke da kusan wat 37 na awa ɗaya, wanda zai riƙe ƙwan LED mai wat 5 na wajen awa shida.

Wani lokaci kuma abin da ke cikin gorar ba ruwa ne zalla ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen masu walda da gyaran jikin mota ya ga kabaid: a zuba masa ruwa, gas mai ci da wuta ya tashi nan take. Ƙarfin yana cikin kabaid ɗin ne, wanda ake ƙerawa a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000, kuma yana ƙarewa a sake saye. Haka alminiyam idan ya haɗu da sodar yin sabulu, yana fitar da haidurojin har ya narke. An kashe kusan yunit 14 na lantarki wajen narko kowane kilo na alminiyam daga ma'adininsa, ɗan kaso na wannan ne ake karɓowa.

Akwai kuma waɗanda ba da niyyar cuta suke yi ba, kuskuren awo ne. Sukan auna bolt kaɗai, su ga bolt 12 ya shiga, 220 ya fito, su ɗauka wuta ta ninka. Ƙarfin wuta shi ne bolt a ninka da amfiya. Inbata na ɗaga bolt, amma amfiya na sauka daidai gwargwado, har da 'yar asara.

Haɗarin ya wuce asarar kuɗi

Gorar HHO tana tara haidurojin da oksijin a wuri ɗaya, a daidai ma'aunin da suka fi saurin fashewa. Tartsatsi ɗaya daga kafireta ya isa ya bi tiyo ya tarwatsa gorar, tare da watsa ruwan soda mai iya makantar da mutum. Haidurojin ba shi da launi ba shi da wari, kuma yana kamawa da zarar ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki. Masu zuba gishiri domin ƙara kumfa kuwa suna iya samar da iskar kulorin, wadda guba ce ga huhu.

Ɗalibin da ke son ganin abin da idonsa zai iya yi lafiya da ƙaramin batir mai bolt 9, da bakin fensir biyu, da kofin ruwa mai ɗan bakar soda, a fili, ba tare da tara gas ɗin ba. Zai ga ɓangare ɗaya ya ninka ɗayan kumfa. Zai kuma ga cewa da an cire batir kumfar ta tsaya.

Inda haidurojin ke da amfani

Duk wannan ba ya nufin raba ruwa aikin banza ne. Haidurojin ma'ajiya ce, kamar batir, kuma kayan aiki ne na masana'antu. Takin yuriya da manoman Goronyo da Wurno ke zubawa a shinkafa da albasa da haidurojin ake yin sa. Masana'antar takin Dangote da ke Legas tana samo nata daga iskar gas. A Aswan ta Masar, tun 1960 aka yi amfani da wutar madatsar ruwa ana raba ruwa domin yin taki. Saudiyya tana gina wata babbar masana'anta a NEOM da aka tsara za ta riƙa samar da tan 600 a kullum da wutar rana da iska. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da wannan hanya ake samar wa 'yan sama jannati iskar shaƙa. A duk waɗannan, an san za a yi asarar makamashi, an kuma yarda, saboda gas ɗin ake buƙata.

Wuri ɗaya da haidurojin ya zama tushen wuta da kansa yana nan Afirka ta Yamma. A ƙauyen Bourakébougou na Mali, masu haƙar rijiya sun ci karo da shi yana fitowa daga ƙasa a 1987, kuma daga 2012 aka fara ba ƙauyen wuta da shi. Bambancin a fili yake: a can ba a biya kuɗin raba ruwan ba, duwatsun ƙarƙashin ƙasa ne suka yi aikin.

Ga Sakkwato kuwa, arzikin yana sama. Jihar na cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Najeriya, shi ya sa tun 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda ta yi aiki a kan murhun rana da na'urar busar da amfanin gona da wutar sola ta ƙauyuka.

A ɗauki mai shagon caji da ke da farantin sola mai wat 300, wanda a rana mai kyau zai tara kusan yunit ɗaya da rabi. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗaukar wat 19 na awa ɗaya. Idan ya adana wutar a batirin litiyam, wanda ke dawo da kusan kashi 90, zai caja waya wajen 70 a lissafin takarda. Idan ya raba ruwa da ita, ya dawo da ita ta na'urar haidurojin irin ta masana'antu, kusan kashi ɗaya cikin uku zai samu, wato waya 27 ko kusa da haka. Idan kuma ya ƙona gas ɗin a ƙaramin janareta, da ƙyar ya caja 10.

Kafin a tura kuɗi

Duk wanda aka yi wa tallar irin wannan na'ura yana da 'yancin neman gwaji a gabansa, kuma gwajin ba shi da wuya. A cire tankin mai gaba ɗaya, a zubar da na cikin kafireta. A buɗe kowane akwati a duba ko akwai batir. Mai saye ya kawo ruwan da kansa, kada a ƙara masa wani gari ko ƙarfe. A jona dutsen guga mai wat 1,000 maimakon ƙwan LED, a sa 'yar mitar auna wat a tsakani, a bar shi ya yi awa uku. Na'urar da ke yin abin da ake faɗa ba za ta ji tsoron wannan ba, kuma mai ita zai iya kai ta Cibiyar Binciken Makamashi ko sashen kimiyyar lissafi da fiziks na jami'a a auna ta a gaban masana.

Idan aka fara jin "sirrin fasaha ne", ko "sai an biya rabi tukuna", ko "kada kowa ya sani domin kamfanonin mai", to gwajin ya ƙare tun ba a fara ba. Kuɗin da za a ba da kafin alƙalami zai iya sayen ƙaramin farantin sola da batir da fanka mai caji, waɗanda za su yi aiki tun daren farko.